Kama da wane ba ta wane: asalin gajerun kalmomin da ake ji a harsuna daban-daban

Kalmar "kai" tana da aiki da yawa a Hausa. Akwai kai na jiki, akwai kai na wanda ake magana da shi, akwai kai kaya kasuwa, ga kuma "kai!" na tsawa ko mamaki. A tsohon Girkanci "kai" mahaɗi ne, daidai da "da" ɗin da ke tsakanin gero da dawa. Wajen Maori na New Zealand abinci ake nufi da ita, a Hawaii teku, a Japananci kuma taro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta haɗa kaka da Hausa. Amma "shayi" na Hausa da "chai" na Indiya da "chay" na Rasha tushensu ɗaya, haka kuma "mutu" na Hausa da "maut" na Larabci 'yan gida ɗaya ne tun kafin a fara rubuta tarihi. Ga kunne duk kama ce. Abin da ya raba su shi ne hanyar da kowace ta biyo, kuma akwai yadda ake gano wannan hanya.

Batun ya cancanci a tsaya masa, don kuwa a kan irin wannan kama ake gina manyan maganganu: wai Hausa daga Larabci ta fito, wai daga Ibrananci, wai muna da dangantaka da Japanawa. Mai wannan magana yakan jero kalmomi goma ko ashirin, mai sauraro ya ga hujja ƙarara. To amma gajeriyar kalma ita ce mafi raunin shaida a duk harkar tarihin harshe, kuma lissafi ne ya nuna haka.

A ɗauki harsuna biyu, kowanne da baƙi 20 da wasali 5. Gaɓoɓin da za a iya ƙerawa da baƙi ɗaya da wasali ɗaya 100 ne kacal. Idan aka jera ma'anoni 100 waɗanda kowane harshe yake faɗa da gaɓa ɗaya, ana sa ran a sami aƙalla kamar guda ɗaya da ta zo daidai a sauti da ma'ana, ba tare da wata alaƙa ba. Wannan idan an tsaurara ke nan. Masu neman kama ba sa tsaurarawa. Sukan yi watsi da wasula, su ɗauki b da f da p da ɓ a matsayin abu ɗaya, t da d da ɗ abu ɗaya, k da g da ƙ abu ɗaya, har baƙaƙen su koma rukuni kamar 10. Kalma mai baƙi biyu ta zama tana da siffa 100 kawai da za ta iya ɗauka. Sannan sai a sassauta ma'ana: idan "hannu" bai dace ba a gwada damtse, ko tafi, ko yatsa, ko kafaɗa. Da ma'anoni biyar, damar dacewa ta koma 5 cikin 100. A ƙamus mai kalma 1,000 za a tsinci kusan 50 masu "kama", tsakanin kowane harshe da kowane harshe. Duniya kuwa tana da harsuna wajen 7,000, wanda ke ba da sama da miliyan 24 na harsuna bibbiyu da za a iya gwamawa. Da a ce ba a samun irin wannan arashi, wannan ne zai zama abin mamaki.

Shahararren misali ya fito daga arewacin Ostareliya. Masanin harshe R. M. W. Dixon ya tambayi ɗaya daga cikin mutanen ƙarshe masu jin harshen Mbabaram sunan kare, aka ce masa "dog", daidai da Turanci. Ba aro ba ne. Maƙwabtan harsuna suna da "gudaga" da "guda", kuma Mbabaram yana da ɗabi'ar yar da gaɓar farko da wasalin ƙarshe, yana kuma sauya wasalin tsakiya, abin da ya yi wa kalmomi da dama, ba wannan kaɗai ba. Haka "bad" na Farisanci yake nufin mummuna kamar na Turanci, alhali kowanne da nasa tarihin. Mu ma muna da namu: "hannu" da "hand", "shi" na namiji da "she" na mace, "ni" na Hausa da "ni" na harshen Basque a Sifen, wanda shi ma mai magana yake nufi.

Na Japan ya fi ruɗar mutane saboda dalili na gini. Japananci da Hausa duka suna da wasula biyar, a, e, i, o, u, duka suna bambanta dogon wasali da gajere, kuma yawancin gaɓoɓinsu baƙi ne da wasali. Tubali iri ɗaya, dole a riƙa samun gini mai kama. Shi ya sa ake da "kuma", "wata", "kura", "sake", "mata" da "baka" a harsunan biyu. Sai dai can "kuma" dabbar daji ce, "wata" auduga, "kura" rumbun ajiya, "sake" giyar shinkafa, "baka" kuma wawa. Kano na Jigoro Kano, wanda ya kafa wasan judo a 1882, sunan iyali ne na Japan, bai san da birnin Dabo ba.

Yadda aro yake barin sawu

Mafi yawan gajerun kalmomin da suka yi tarayya ta gaskiya tsakanin harsuna masu nisa, aro ne ya kai su. Aro kuwa yana da alama babba guda: harshen da ya karɓa yana sarrafa baƙon sauti ta hanya ɗaya, kusan kullum. A duba harafin ض na Larabci. A tsofaffin kalmomin da Hausa ta aro, l yake komawa. Al-ƙadi ya zama alƙali, al-wudu'u ya zama alwala, Ramadan ya zama Ramalan, darura ta zama larura, farida ta zama farilla, damir ya zama lamiri, haid ya zama haila. Kalma bakwai, doka ɗaya. Wannan ita ce hujja, ba kamar da kunne ya ji ba. Hasali ma alƙali bai yi kama sosai da "ƙadi" ba, amma babu shakka a kansa. Mutanen Sifen ma sun ari kalmar, tana nan a "alcalde", shugaban gari.

Alama ta biyu ita ce "al" ɗin Larabci da ke mannewa ya zama jikin kalma. Wani lokaci yakan zauna cikakke, kamar a albasa, alkama, alƙalami, allura. Wani lokaci a ɗin ya faɗi, l ya rage: lahira, liman, lafiya, labari, laifi, littafi, lokaci. "Lokaci" ya isa a warware shi gaɓa-gaɓa. Asalinsa al-waƙt. L ɗin farko ragowar "al" ne. "Wa" ya narke ya zama o. Hausa ba ta jera k da t a ƙarshen kalma, sai ta cusa a tsakaninsu, ta kuma ƙara i a ƙarshe. T kuwa idan i ko e ya biyo bayansa yakan koma c, kamar yadda mota take ba da motoci, sata take ba da sace. Shaidar tana cikin jam'in kalmar: lokuta, lokatai, inda t ɗin ya dawo fili. Wannan al-waƙt shi ne "wakati" a Swahili, "vakit" a Turkanci, "waktu" a Indunusiya, kuma "wakati" na Yarbanci mai nufin awa. Labari shi ne "habari" na Swahili, "haber" na Turkiyya, "kabar" na Indunusiya. Littafi shi ne "kitabu", wanda Swahili ta ɗauki "ki" ɗinsa a matsayin ɗafa-goshinta, ta yi masa jam'i "vitabu". B na ƙarshe da ya koma f a littafi shi ne ya koma f a laifi, daga al-aib. Daga baya malamai suka sake shigo da kalmar kai tsaye daga littattafai, aka sami "aibu". Kalma ɗaya ta shigo gida sau biyu, kowane shiga da tufafinsa.

Abin ya sake faruwa a Nijar da Faransanci: "l'école" ta zama lakwal, harafin l na Faransanci ya manne kamar yadda na Larabci ya yi ƙarnuka kafin haka.

Ba kuma kullum ake aro daga mai asalin kalma ba. Kasuwa daga "suƙ" na Larabci take, amma ta Barno ta biyo, inda Kanuri ya ɗora mata ka, ta zama "kasugu". Masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu ma ta hannun Kanuri suka iso mu, kuma wannan ya faɗi wani abu game da inda ilimin Musulunci ya fara kwararowa ƙasar Hausa. Takarda daga Azbinawa muka same ta, su kuma tushen tasu "charta" ce ta Latin. Takobi da raƙumi ma daga wajensu ne.

Shayi shi ne misalin da ya fi kowanne tsabta, domin tarihin ganyen a rubuce yake. A kudancin Sin aka fara nomansa, kuma harafi ɗaya Sinawa suke rubuta sunansa da shi, sai dai furuci ya bambanta. Yawancin ƙasar suna cewa "cha". Mutanen gaɓar Fujian, wajen tashar Xiamen, suna cewa "te". "Cha" ya bi ayarin ƙasa zuwa Farisa ya zama "chay", daga nan ya bazu zuwa Indiya, Turkiyya, Rasha da gaɓar Swahili. Larabcin littafi ba shi da sautin c, sai ya mayar da shi sh: "shay". Hausa ta ƙara wasalin ƙarshe, aka sami shayi. "Te" kuma ya bi jirgin ruwa. Kamfanin Holan mai fatauci a nahiyar Asiya ya fara kai ganyen Turai wajen 1610, kuma "te" ya koya wa Turawa, daga nan Faransanci da Jamusanci da Turanci suka samu. Fotugal ce ta fita daban, tana cewa "chá", saboda ta Macau ta yi nata cinikin tun 1557. Bahaushe ya karɓi duka biyun: shayi ta Sahara, ti ta teku da Turawan mulki. Wanda ya ce shayi daga "sha" da "yi" aka haɗa, kunnensa ne ya yi masa fassara. Kamar ta taimaka wa kalmar ta zauna daram a bakinmu, amma ba ita ta haife ta ba, tunda sh ɗin yana nan a Larabci kafin ta iso.

Irin wannan tagwaitaka ta yi yawa. Sukari ya taso daga "sharkara" na Sanskrit, tsohon harshen Indiya, ya bi Farisa da Larabawa. Suga ko siga kalmar ce dai, ta zagayo ta Turai. Gahawa daga "ƙahwa" take, da furucin Larabawan Sudan da Chadi masu mayar da ƙ zuwa g. Kofi na sha ita ce bayan ta ratsa Turkiyya da Holan da Ingila. Kofi na zuba ruwa kuwa wata kalma ce dabam, daga "cup", da p ya koma f kamar a fam, fensir da famfo. Sabulu daga "sabun" ne, wanda ake ji daga Turkiyya har Malesiya, kuma Rumawa sun san shi da "sapo".

Dala ta Nijar tana da tafiya mai nisa. A wani kwari mai ma'adinin azurfa da ake kira Joachimsthal, wanda yanzu yake cikin ƙasar Czech, aka fara buga wani babban tsaba wajen 1520. Aka gajarta sunan ya zama "thaler", daga nan "dollar" ya fito. Tsabar Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780 ta yi yawo a kasuwannin Sahara da Barno da Habasha, sunan ya zauna a kan babban kuɗin azurfa, daga baya ya koma kan tsabar faran 5. Shi ya sa har yau a Maraɗi ko Damagaram dala ashirin take nufin sefa 100, dala ɗari kuma sefa 500. Bambara da Wolof suna lissafi iri ɗaya da biyar-biyar, amma su sunan dirhami suka riƙe. Dutsen Dala na Kano ba ya cikin wannan labari ko kaɗan.

Boko da "book"

Cewa boko daga "book" na Turanci ta fito shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa game da wata gajeriyar kalmar Hausa, har manyan jaridun duniya sun maimaita shi shekara da shekaru. Ga kama, ga ma'ana ta kusa, ga Turawa sun zo da makaranta. Komai ya yi daidai, sai dai doka ta ƙi. Masanin harshen Hausa Paul Newman ya bi maganar a 2013. Turancin "cook" ya shigo Hausa a matsayin kuku. "Book" yana da wasali iri ɗaya da ƙarshe iri ɗaya, don haka da an aro shi, buku za a samu, kamar yadda Swahili da Lingala suke da "buku". Babu hanyar da wannan wasali zai ba da o biyu. Na biyu, kalmar tana da tsohuwar ma'ana a Hausa wadda ba ta shafi karatu ba: algus, yaudara, abin da ba na gaske ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni, kuma suna nan a "biri-boko" da "amaryar boko", wadda ake ɗorawa a doki a madadin amaryar gaskiya. Na uku, Bahaushe yana da littafi tun da daɗewa, ba ya cikin buƙatar sabon suna. Abin da ya faru shi ne mutanen da suka san karatun allo sun kalli na Nasara suka kira shi na bogi, sunan ya bi shi, har zafin ya gushe ya zama suna kawai. Wanda ya karɓi bayanin "book" ya yi asarar wannan yanki na tarihin yadda kakanninmu suka tarbi makarantar Turawa.

Gado

Akwai kalmomin da ba aro ba ne, ba kuma arashi ba. Harsunan ne suka gaje su daga uwa ɗaya. Hausa tana cikin harsunan Chadi, su sama da 150 a Nijeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, kuma Chadi reshe ne na babban gidan Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da Amharik, da harsunan Berber irin na Azbinawa, da tsohon harshen Masar, da Somali da Oromo. Hausa ba 'yar Larabci ba ce. Dangi ne na nesa waɗanda suka rabu dubban shekaru, sannan suka sake haɗuwa ta addini da fatauci.

"Mutu" ita ce fitacciyar shaida. Larabci yana da mata, yamutu, maut, Ibrananci "met", tsohon rubutun Masar m-w-t, Berber "mmet". Me ya hana a ce aro ce daga Larabci? Saboda tana ko'ina a harsunan Chadi, har waɗanda ke kan duwatsun Filato da ba su yi cuɗanya da Larabci ba: Angas suna cewa "mut", Bolewa "motu". Kuma ba a cika aron irin wannan aikatau ba. Binciken da Martin Haspelmath da Uri Tadmor suka jagoranta a 2009 kan harsuna 41, har da Hausa, ya nuna sunaye sun ninka aikatau wajen yawan aro, kuma kalmomin addini da tufafi da kayan gida su ne kan gaba, sassan jiki da dangantaka suna can ƙasa. Mu ma haka abin yake: ashirin zuwa casa'in na Larabci ne, amma ɗaya zuwa goma ba daga can suke ba.

To ga inda ake zamewa. Malay ma yana da "mati", mutuwa. Faransanci yana da "mort". Duka m da t. Me ya sa za a karɓi na Larabci a ƙi waɗannan? Sai an fasa kalmar an ga saiwarta. A "mort" saiwar ita ce m-r, t ɗin ɗafa-ƙeya ne. A "mati" kuwa m ɗin ne ɗafi, shi ya sa Tagalog na Filifin yake da "patay", matacce. Idan aka cire ɗafi, kamar ta watse. Haka "mutum" da "mtu" na Swahili ko "umuntu" na Zulu. A harsunan Bantu "mu" alamar tilo ce, saiwar ita ce "ntu", don haka jam'i ya zama "watu" da "abantu". A Hausa m ɗin ba ya motsi: mutum, mutane, mutunci.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne Hausa da Larabci ba a kalma ɗaya suka haɗu ba, a tsari suka haɗu. Gidanka, gidanki, gidanku. Baituka, baituki, baitukum. K ɗaya, da wasali mai raba namiji da mace da jam'i. T na mace: ta zo, ita, tata, ga kuma t ɗin mace a Larabci da Berber da tsohon Masar. Ma na wuri da kayan aiki da mai aiki: masallaci, mabuɗi, manomi, gefen maktab da miftah. "Me" na tambaya gefen "ma". Huɗu, wanda Sakkwatawa da wasu ke furtawa da f ko hw, gefen f-d-w na Masar. Harshe, ko halshe, gefen lisan da "iles" na Berber, inda "ha" ɗin farko ƙari ne. Kowace ɗaya ita kaɗai za ta iya zama arashi. A ce duka sun dace a jere, da aiki iri ɗaya, lissafin da muka yi a sama ba zai ɗauki wannan ba.

Kafin a kwatanta kalmar Hausa da ta waje, wajibi ne a nemo tsohuwar siffarta, domin Hausar Kano ta yau ta sauya abubuwa da yawa. August Klingenheben ya bayyana dokar a ƙarshen shekarun 1920: baƙin da ya rufe gaɓa yakan raunana. K ya koma u, shi ya sa talaka yake ba da talauci, ɓauna take da jam'i ɓakane. T ya koma r, farke amma fatake. A Kananci m da b ma sun koma u: zamna ta zama zauna, amre ya zama aure, sabka ta zama sauka, alhali Hausar yamma ta riƙe tsohon furuci. Wanda ya ɗauki "aure" ya tafi neman mai kama da shi a wani harshe ya riga ya ɓata, domin kalmar da ya kamata ya riƙe ita ce "amre".

Mama da baba

Waɗannan ba aro ba ne, ba gado ba ne, kuma ba arashi zalla ba. George Murdock ya tara sunayen uwa da uba 1,072 daga al'ummomin duniya a 1959, ya tarar fiye da rabin na uwa suna da sautin hanci irin ma da na, fiye da rabin na uba kuma suna da irin pa da ta. Roman Jakobson ya ba da bayanin a 1960. Jariri ɗan wata shida zuwa goma yana fara gwalan-gwalan da abin da ya fi sauƙi: ya rufe leɓe ya buɗe, iska ta fita, a sami ma, ba, pa, ya ɗora harshe a dasashi a sami da, ta, na. Sautin m shi ne kaɗai zai iya yi bakinsa na kan nono. Shi bai nufi kowa ba. Manya ne suke ji su ce ya kira su, su raba sautukan a tsakaninsu. Shi ya sa "mama" a Hausa take nufin uwa, take kuma nufin nono, kamar "mamma" a Latin.

Rabon ne yake bambanta, kuma nan ake gane ba gado ba ne. A Jojiya "mama" uba ne, uwa kuma "deda". A Hindi "mama" kawu ne. "Baba" uba ne a Turkiyya da Swahili da Yarbanci da Sin, amma tsohuwa ce a Rasha, mu kuma muna da baba namiji da baba mace, karin sauti ne ya raba su. "Kaka" a Swahili yaya ne namiji, a Hindi ƙanin uba. "Dada" uwa ce a Fulatanci, 'yar'uwa a Swahili, kakan wajen uba a Hindi. Tsohon Japananci yana kiran uwa "papa". Sauyin sauti ya mayar da ita "haha" a yau. Kalmomin nan suna tsufa su lalace kamar kowace kalma, sai jarirai su sake ƙera sababbi. Don haka masu binciken dangantakar harsuna suke cire su gefe tun farko.

Kusa da wannan akwai ɗan sautin da ake yi idan ba a ji magana ba. Mark Dingemanse da abokan aikinsa sun saurari hirarraki a harsuna 10 a 2013, har da Siwu na Ghana, suka tarar duka suna da gaɓa ɗaya gajeriya mai kama da "ha?" ko "e?". Buƙata ce ta tsara ta: dole ta fita cikin ƙiftawar ido ba tare da motsa baki sosai ba. Wani binciken na 2016 a kan harsuna sama da 4,000 ya nuna sunan hanci yakan ɗauki n, na harshe l, na nono m, fiye da yadda arashi zai bayar. Wannan yana nufin l ɗin halshe shi kaɗai ba hujja ba ne. Haɗuwarsa da s a jere shi ne abin dubawa.

Idan akwai takarda, ita ke yanke hukunci. "OK" an jingina ta ga Girkanci, ga harshen Choctaw na 'yan asalin Amurka, ga Wolof. Allen Walker Read ya bi tsofaffin jaridu ya same ta a Boston Morning Post ta 23 ga Maris 1839, lokacin da ake yayin gajarta kalmomi da gangancin kuskuren rubutu, tana wakiltar "oll korrect". Yaƙin zaɓen 1840 na shugaban Amurka Martin Van Buren, wanda ake yi wa laƙabi da Old Kinderhook, shi ya watsa ta. Ga Hausa, irin wannan shaida tana cikin rubutun ajami da jerin kalmomin da Sigismund Koelle ya tattara a Freetown ya buga a 1854, inda Hausar Kano da ta Katsina suka fito. Matsalar tsofaffin rubuce-rubucen ita ce ba sa nuna karin sauti, wasu ma ba sa raba b da ɓ ko k da ƙ, don haka taba da taɓa sukan fito da fuska ɗaya.

Kalmar "nama" tana nuna yadda hanyoyin nan suke iya cakuɗewa a wuri ɗaya. "Nama" na Japananci, mai nufin ɗanye, arashi ne. "Nyama" na Swahili da sauran harsunan Bantu kuwa wani abu ne dabam: sauti ya yi kusa, ma'ana ɗaya ce, har da haɗa nama da dabba kamar yadda muke cewa namun daji, kuma masu harsunan Benuwe-Kwango, rukunin da Bantu ke ciki, maƙwabtanmu ne ta kudu tun zamani mai tsawo. Wannan ya sa masana da dama suke lissafa ta cikin tsofaffin kalmomin da Hausa ta aro daga gare su. Gefe guda kuma ga "nyaama" na Fulatanci mai nufin ci, da "nyam" da bayi suka tsallaka da ita har Jamaika, waɗanda sautin tauna yake taimaka musu su rayu a duk bakin da suka faɗa.